Waiwaye: Mutumin da Ya Daina Haƙa

Guduma ce ta ɓace wa wani manomi a gonarsa, a ƙauyen Hoxne da ke yankin Suffolk a gabashin Ingila. Ya neme ta ya rasa, sai ya roƙi abokinsa Eric Lawes, wani dattijo ɗan fansho mai na'urar gano ƙarfe, ya zo ya duba masa. Ranar 16 ga Nuwamba 1992 Lawes ya shiga gonar. Na'ura ta yi ƙara, ya tona, sai ga cokulan azurfa, ga kayan ado na zinariya, ga sulalla suna fitowa tare da ƙasa. Ya cika leda biyu, ramin kuwa ko alamar ƙarewa bai nuna ba.

A nan dattijon nan ya tsaya. Ba wanda yake kallonsa, ba wanda ya san abin da ke cikin ramin, amma ya bar sauran a inda suke. Shi da manomin suka sanar da 'yan sanda da kuma majalisar yankin Suffolk, wadda ita ce mai filin, manomin haya yake yi. Washegari masu binciken kayan tarihi suka iso, suka yini suna aiki. Ba su tsince kayan ɗaya bayan ɗaya ba. Yanko ƙasar suka yi dunƙule-dunƙule da abin da ke cikinta, aka kai ɗakin bincike na Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, a can aka riƙa buɗewa a hankali.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan da faruwar wannan, kuma har yau idan ana maganar masu yawo da na'ura suna neman tsofaffin kuɗi, sunan Hoxne ne kan gaba. Lissafin abin da aka samu ya isa ya sa a tuna da shi: sulalla 14,865 na zamanin Rumawa, 569 daga ciki na zinariya, mafi yawan sauran na azurfa, ga kuma kayan cin abinci da na ado kusan 200. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da aka gano saboda Lawes ya janye hannunsa. An ga cewa kayan cikin akwatin katako aka jera su, akwatin ya ruɓe amma ƙusoshinsa da ƙarafan kusurwoyinsa suna nan inda suke. An ga ƙananan kwaɗuna na azurfa, alamar cewa akwai ƙananan akwatuna a cikin babban. An ga ragowar busasshiyar ciyawa da aka sa tsakanin kwanonin azurfa don kada su goge juna, da ɓurɓushin ƙyallen da aka naɗe wasu kayan. Wanda ya binne dukiyar nan a natse ya shirya ta, kuma da niyyar dawowa ya tafi. Ciyawa da ƙyalle ne suka ba da wannan shaida, su kuwa ba sa jure shebur.

Sulallan ma sun yi magana. Mafi sabunta a cikinsu an buga su ne tsakanin shekarar 407 da 408 miladiyya, daidai lokacin da mulkin Rum yake sakin tsibirin Birtaniya. Yawancin na azurfar an daddatse gefensu, an rage su, amma an bar kan sarkin da ke tsakiya ba a taɓa ba. Sabon kuɗi ya daina zuwa daga Rum, mutane suna gutsurar azurfa daga wanda ke hannu, duk da haka suna son ya ci gaba da karɓuwa a kasuwa. A cikin kayan akwai mazubin masoro guda huɗu na azurfa, ɗaya an ƙera shi da siffar wata mace mai ado, a ƙarƙashinsa akwai ɗan faifai da ake murzawa a buɗe ƙofofin barbaɗawa. Masoron daga Indiya ake kawo shi. Akwai munduwar zinariya ɗauke da sunan wata mace, Juliane, da cokula masu sunan wani Aurelius Ursicinus. A shekarar 1993 aka yi wa dukiyar kuɗi fam miliyan 1.75, aka biya Lawes, shi kuma ya raba da abokinsa manomi, alhali dokar wancan lokaci ba ta tilasta masa ba. Gudumar ma an same ta, tana Gidan Tarihi na Birtaniya tare da sauran kayan.

Na'urar da ta jawo wannan duka ba don nishaɗi aka fara ƙera ta ba. A shekarar 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya shahara da wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don a gano inda harsashin ya maƙale a jikinsa. Ba a dace ba, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da ƙarafan gadon da shugaban yake kwance a kai. A 1941 wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera wadda soja ɗaya zai iya ɗauka ya nemo nakiyoyin da aka binne, ya ba rundunar Birtaniya kyauta, aka yi aiki da ita a yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Bayan yaƙi, da kayan lantarki suka ƙanƙance, na'urar ta yi sauƙin ɗauka, ta yi araha. Zuwa shekarun 1970 ta shiga hannun direbobi da masu gadi da 'yan fansho a Ingila da Amurka.

Yadda take aiki ba wuya. Sanda ce, a ƙasanta akwai faifai da aka naɗe waya a cikinsa. Lantarki yana bi ta wayar ya haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke shiga ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da martani, wata wayar ta kama martanin, mai na'ura ya ji ƙara a kunnensa. Ƙarar baƙin ƙarfe daban, ta azurfa ko jan ƙarfe daban, kuma wanda ya daɗe a harkar da kunne yake rarrabewa kafin ya duba allon. Ƙwayar sule ɗaya ba a cika jin ta ba idan ta wuce zurfin taƙi ɗaya ko fiye da haka kaɗan, wato galibin abin da suke samu yana cikin ƙasar da garma ta riga ta juya.

Wanda ya ji labarin Hoxne kaɗai zai ɗauka harkar ta masu neman arzikin dare ɗaya ce. Ka je gonar Ingila bayan girbi ka gani. Mutum ne cikin takalmin roba da rigar ruwa, yana tafiya taku ɗaya-ɗaya cikin sanyi da taɓo, yana kaɗa sandar dama da hagu dab da ƙasa. Ya ji ƙara, ya durƙusa, ya yanko ƙasa da ɗan shebur, ya farfasa ta da yatsu, sai ga murfin gwangwanin lemo. Ya jefa a jaka, ya mayar da ƙasar, ya taka, ya ci gaba. Gaba kaɗan ƙusa, gaba kaɗan kwanson harsashin mafarauta, sai takalmin doki, sai maɓallin riga. Da yamma, in an yi sa'a, ga ƙwayar kuɗi guda, siririya, ta yi kore, sai an goga da babban yatsa kan wani sarki ya bayyana. A kasuwa ba za ta sayi man motar da ya ƙona ba. Amma mutumin ƙarshe da ya riƙe ta ya mutu shekara ɗari bakwai ko dubu da suka wuce, kuma wannan ne yake mayar da su gona kowane mako. Ina ganin girman wannan sha'awa, don ba kowa ne zai ba da ranar hutunsa ga mutanen da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Sai dai masana ba haka suka kalle su ba da farko, kuma suna da hujja. A 1980 ƙungiyoyin masu binciken kayan tarihi a Birtaniya suka ƙaddamar da gangami na neman a taka wa masu na'ura birki, suna kiransu masu wawure tarihin ƙasa. Abin da ya faru a Wanborough, a yankin Surrey, ya ƙara musu ƙarfi. A 1983 aka gano sulalla a wani fili da daga baya aka tabbatar kufan wurin bauta ne na zamanin Rumawa. Da sunan wurin ya fita a zaman shari'a, sai mutane suka riƙa dirar masa da dare, suka mayar da shi ramuka, suka kwashe dubban sulalla aka watsar a kasuwannin Turai. Da aka je kotu, sai doka ta gaza. Tsohuwar dokar Ingila, wadda ta samo asali tun zamanin sarakunan da, ta ce zinariya ko azurfa na zama na masarauta ne kawai idan an tabbatar mai su ya ɓoye su da niyyar dawowa. Abin da aka yar, ko aka binne da mamaci, ko aka bayar hadaya a wurin bauta, bai shiga ciki ba. Wa zai shiga zuciyar mutumin da ya mutu shekara dubu biyu ya faɗi niyyarsa?

Ɓarnar Wanborough ta nuna ramin da ke cikin doka, halin Lawes kuma ya nuna cewa akwai masu na'ura da za a iya aiki da su. Daga tsakanin waɗannan biyu sabuwar dokar 1996 ta fito, ta fara aiki a Satumban 1997. Duk wanda ya samu abin da ya haura shekara 300 mai ɗauke da aƙalla kashi goma cikin ɗari na zinariya ko azurfa, ko tarin tsofaffin sulalla a wuri ɗaya, dole ya kai rahoto cikin kwana 14. Idan wani gidan tarihi yana so, kwamiti zai yi wa abin kuɗi daidai da farashin kasuwa, a biya, galibi a raba biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona. A 1997 ɗin kuma aka kafa wani shiri na sa kai a Ingila da Wales: jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu shi ne karɓar duk ƙaramin abin da aka tsinta, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta daidai inda aka same shi, su mayar wa mai shi. Abubuwan da aka rubuta ta wannan hanya sun haura miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu daga masu na'ura, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Daga waɗannan maɓallai da ƙwayoyin kuɗi masana suka gano ƙauyuka da kasuwanni da hanyoyin da ba littafin da ya ambace su.

Darasin da nake ɗauka a nan fuska biyu ne da shi. Kayan tarihi da aka raba da wurinsa kamar yaro ne da aka tsinta a kasuwa bai iya magana ba: ga shi da kyau, ga shi da lafiya, amma ba mai faɗa maka gidansu ko asalinsa. Don haka wanda ya fara gani shi ne yake riƙe da amana mafi nauyi, kuma amanar ita ce ya daina haƙa ya kira waɗanda suka san aikin. Ɗaya fuskar kuma ta hukuma ce. Ba adalci ba ne a nemi talaka ya mallaki zuciyarsa a gaban tulin zinariya alhali abin da ke jiransa shi ne ƙwace da tuhuma. Ingila ta samu masu kawo rahoto ne bayan ta tanadi ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da mutumin da zai amsa, da ladan da za a biya ba ha'inci.

Labarin Frome, a yankin Somerset, shi ya fi fito da fuskar farko. A Afrilun 2010 Dave Crisp, mai dafa abinci a wani asibiti, ya ji wata baƙuwar ƙara, ya tona, ya tarar da bakin wani babban tulu cike da sulalla. Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira jami'ar yankinsa. Masana suka kwashe kwana uku suna ɗebo kuɗin hawa-hawa, kowane hawa a jakarsa da lambarsa. Sulalla 52,503 ne, nauyinsu kusan kilo 160, yawancinsu na tagulla masu ƙaramar daraja daga ƙarni na uku. To ga abin da jerin ya nuna. Da a ce tari ne na shekara da shekaru, tsofaffi za su kasance a ƙasa, sababbi a sama. Sai aka tarar da mafi sabunta, na wani Carausius da ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya daga 286 zuwa 293, a tsakiyar tulun. Ke nan lokaci guda aka juye su daga jakunkuna daban-daban. Tulun kuma siriri ne, ba zai ɗauku da wannan nauyi ba, sai dai a fara binne shi sannan a cika, kuma ba a iya fitar da kuɗin sai an fasa. Wannan ya sa masanan Gidan Tarihi na Birtaniya suka karkata ga cewa karo-karo ne na jama'ar wani gari, suka binne a matsayin hadaya, ba ajiyar attajiri ba. Da Crisp ya fasa tulun ya kwashe a buhu, da adadin ne kaɗai zai rage mana.

Akwai kuma wata tsintuwar da ta shafi tarihin Musulmi kai tsaye. A Janairun 2007 wani uba da ɗansa suka tono wani ƙoƙon azurfa kusa da Harrogate a arewacin Ingila. Sun ga sulalla a bakinsa, amma ba su zazzage ba, suka kai shi yadda yake. A ɗakin bincike aka fitar da sulalla 617 da wasu kayan azurfa, dukiyar wani ɗan Viking, wato mahara da fataken arewacin Turai na wancan zamani, da aka binne wajen shekarar 927. A cikinsu akwai dirhamai da rubutun Larabci, waɗanda aka buga a ƙasashen Musulmi na tsakiyar Asiya, har da Samarƙand. Dirhamin da aka buga a can ya bi kogunan Rasha, ya ratsa tekun Baltik, ya zo ya kwanta a gonar Ingila kusa da kuɗin sarakunan Kirista. Dirhami irin wannan in ka gan shi a shagon dillali, dirhami ne kawai. Ganin sa a cikin ƙoƙon nan, a wannan gona, shi ne ya zama hujjar doguwar hanyar fatauci.

Wanda ya ƙi ji kuwa, ga Leominster. A Yunin 2015 wasu mutum biyu daga kudancin Wales suka shiga wata gona kusa da garin Leominster a yankin Herefordshire ba da izinin mai ita ba, suka dace da wata dukiyar 'yan Viking ta ƙarshen ƙarni na tara: zobe da munduwa na zinariya, da abin wuya, da sulalla kimanin 300. Suka miƙa kayan adon, suka ɓoye zancen kuɗin, suka riƙa sayarwa a ɓoye. 'Yan sanda suka dawo da hotunan da aka goge daga waya, aka ga dukiyar kwance a rami. A Nuwamban 2019 kotu a Worcester ta ɗaure su, ɗaya shekara goma, ɗaya takwas da rabi, kodayake an rage a ɗaukaka ƙara. Sulalla talatin da 'yan kai kaɗai aka samu a lokacin. Abin takaicin shi ne a cikin kuɗin akwai wani nau'i da ba a cika samu ba, mai nuna sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, wanda Alfred na Wessex da Ceolwulf na biyu na Mercia suka buga kowa da sunansa. Marubutan fadar Alfred sun bar wa duniya labarin cewa Ceolwulf ɗan amshin shatan 'yan Viking ne. Kuɗin suna nuna abokin ƙawance ne da aka share daga tarihi. Shaidar da za ta wanke mutum bayan shekara dubu da ɗari, ita aka rarraba a aljihunan dillalai. Da sun bi hanya, da rabin ladan miliyoyin fam nasu ne, halal.

Ba na cewa tsarin Ingila ya gama kyau. Har yau akwai masu shiga gonaki da kufai da dare, akwai kuma masu tsinta su yi shiru. A 2010 aka tono wata hular kwano ta sojan doki na Rum a Crosby Garrett, abu mai ban mamaki, amma da yake ta tagulla ce doka ba ta kama ta ba, aka yi gwanjonta a Landan kan fam miliyan 2.3, gidan tarihin yankin yana ji yana gani wani attajiri ya saye. Sai a 2023 aka gyara dokar ta haɗa da abubuwa masu muhimmancin tarihi ko da ba na zinariya ko azurfa ba ne. Kuɗin lada ma kan raba zumunci: bayan an biya fam miliyan 3.285 kan wata dukiya da aka tono a Staffordshire a 2009, mai na'ura da mai gona sun ɓata har jaridu suka ɗauka. Wasu ƙasashen, irin Jamhuriyar Ayalan, sun zaɓi hana neman kayan tarihi da na'ura sai da lasisi.

Mu a nan ba mu san na'urar a matsayin abin shaƙatawa ba. Ta zo mana ne ta hanyar zinariya. Daga Sudan harkar ta faro, ta ratsa Chadi, sai a Afrilun 2014 labari ya bazu cewa an ga zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar. Dubban mutane suka kwarara ta Agadas, Tubawa da Buzaye da Hausawa da baƙi daga Sudan da Chadi, wasu sun sayar da dabbobi, wasu sun yi karo-karo sun sayi na'ura guda. A 2017 gwamnati ta rufe wurin. Neman halal ne, ba na zargin mai neman abin da zai ci. Sai dai na'ura ba ta san bambancin ɗanyar zinariya da munduwar da ke hannun mamaci ba. A 2020 masana a Sudan suka je Jabal Maragha, wani kufai na zamanin daular Meroe mai kusan shekara dubu biyu, suka tarar masu neman zinariya sun kawo motocin haƙa sun yi rami mai zurfin mita 17. Duwatsun wurin ne masu ɗauke da ƙarfe suka sa na'urarsu ƙara. Kufan ya tafi.

Tun kafin na'ura ma mun ɗanɗana irin wannan asara. Kan mutum-mutumin yumɓu na Jama'a, wanda ya buɗe wa duniya ido kan al'adar Nok, wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya same shi ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye, har ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a farkon shekarun 1940. An yi sa'a a wannan karon. Amma a shekarun 1990 an bi ƙauyukan kudancin Kaduna da kewaye ana biyan matasa su tona, ana fitar da kayan Nok zuwa Turai, haka aka yi wa yankin Kwatarkwashi. A Nijar, maƙabartar Bura da aka gano a 1975, wadda masanin kayan tarihi Boubé Gado ya yi aikinta a 1983, ta sha irin wannan wawaso bayan an baje kolin kayanta a Faris. Abin da matashin ƙauye ya karɓa bai kai kuɗin akwatin gilashin da aka sa kayan a can ba. Mu kuma aka bar mu da ramuka.

A shekarar da Lawes ya shiga gonar Hoxne, 1992, a nan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suna tona wasu tuddan kaburburan sarakunan da. Sun samu 'yan kunne na zinariya, da mundaye, da wuri, da duwatsun ado, da kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya. Da yake an rubuta inda kowane abu yake, an iya auna shekarun kaburburan, aka san cewa ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa manyan ƙasar Hausa suna hulɗa da kasuwannin da ke hayin Sahara. Da ɓarawon dare ne ya riga su, da 'yan kunnen sun narke a maƙera, kwanon kuma yana wani falo a Turai ana cewa daga Masar ya fito.

Malamanmu ma ba baƙin wannan zance ba ne. A fiƙihun Malikiyya akwai babin rikazi, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wadda ake fitar wa humusi, ɗaya cikin biyar. Idan kuwa alamu sun nuna ta Musulmi ce, sai ta koma hukuncin tsintuwa, a yi cigiya shekara guda. Ka je wa malami da irin wannan tambaya, ba zai ba ka fatawa ba sai ya ji abu biyu: me ke rubuce ko zane a jikin abin, kuma a wace irin ƙasa ka same shi, taka ce, ta wani ce, ko dajin da ba mai shi. Tambayoyin da mai binciken tarihi zai yi ke nan. Shari'a ta yarda mai tsintuwa yana da rabo, ta kuma yarda jama'a suna da haƙƙi, ba ta ce a ɓoye ba.

Dokar Najeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi, ta wajabta kai rahoton irin wannan tsintuwa, ta kuma hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa. A takarda ba laifi. Amma manomin da garmarsa ta fasa tulu cike da wuri ko tsofaffin anini da kwabo masu huda, ko mai haƙa masai da ya ci karo da takobi da mundaye, wa zai gaya wa? Tsoro biyu ne a ransa, na aljanun da ake cewa suna gadin dukiyar ƙasa, da na hukuma. Wanda yake zuwa har ƙofar gidansa da kuɗi a hannu shi ne dillali, ko ɗan gwangwan da zai auna a sikeli ya kai a narke.

Abin da za a aro daga Ingila ba ya buƙatar gini ko babban kasafi. Muna da abin da su ba su da shi: mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda ba a haƙa rijiya a ƙasarsu ba su sani ba. A ba kowane dagaci lambar wayar jami'i ɗaya a Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihin Jos, ko na Kaduna, ko na Katsina, ko na Yamai da Damagaram, jami'in da zai ɗauki waya ya zo cikin kwana biyu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen wannan ilimi, ɗalibansa suna neman wurin koyon aiki. A sanar a rediyo da harshen da manomi yake ji cewa wanda ya tarar da irin wannan ya ɗauki hoto da wayarsa, ya mayar da ƙasa, ya dasa alama, ba za a kama shi ba, ba za a ƙwace gonarsa ba. A ware ladan da za a biya shi a gaban hakimi da jama'a, a rubuta sunansa da na ƙauyensu a jikin akwatin da za a ajiye kayan, a kuma kawo 'yan makarantar garin su gani kafin a tafi da su birni.